Babur a Kan Kabarin Viorel

Torino, Fabrairu

Zuwa ga Ilarie, ɗan ’yar’uwata Lucretia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da mahaifiyarka. Na ji labarin ƙafarta. Ka ce mata ta daina wanki a rafi cikin sanyin nan, ba yarinya ba ce. Ni ina nan. Bayan ne dai ya ƙi, da safe sai na dafa bango kafin in miƙe. Tarin ya ɗan ragu.

Na san kun binne Viorel. Mitica direba ya ce mini duk garin ya fito. Lokacin da kuke zuba masa ƙasa ni ina nan ina ɓalle ƙofar wata mota. Shekaru muna ɗaki ɗaya da yaron nan, ni na wanke shi bayan ya faɗo daga saman ginin, amma in na tsallaka iyaka ba ni da takardar dawowa. Sai na tsaya a bakin titi na ɗaga wa akwatinsa hannu kamar mai sallamar baƙo. Ka gaishe mini da mahaifiyarsa, Yaya Profira. Har yanzu ban san abin da zan rubuta mata ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. An ce an ɗauke ka aikin malamin dabbobi, duk ƙauyukan kan tudu naka ne, kuma da keke kake hawa, kana dawowa harshe a waje. Madalla da aikin. Keken kuwa ba zai kai ka kaka ba. Ka san inda nake aiki, filin gwangwan ne, duk abin hawan da ya yi haɗari a gefen nan mu ake kawo wa mu farfasa. Kwanan baya aka kawo wani ƙaramin babur mai si-si ɗari da ashirin da biyar. Bai yi haɗari ba, na wani tsoho ne da idonsa ya mutu. Na sa masa tayoyi masu riƙe laka, na canja birki da sarƙa. Ba shi da kyau, launinsa kamar ruwan wanki. Amma in ka zauna, ƙafafunka biyu za su taka ƙasa. In ya faɗi, kai kaɗai za ka ɗaga shi. In hannunka ya zame a totur, ihu kawai zai yi maka, ba zai buga ka da katangar mutane ba. Wanda bai taɓa hawa ba irin wannan yake bukata. Da zarar Mitica ya sami wuri a tirelarsa zan aiko, haɗe da hular kwano.

Abu ɗaya kuma. Babban babur ɗin Viorel, jan nan da ya zo mota ɗaya da gawarsa, yana rumfar Yaya Profira. Na san halinku samari, na san kun riga kun je kun leƙa. Ko don ɗaukar hoto kada ka zauna a kansa.

Kawunka,
Gavril

Poiana Seaca, Maris

Kawu Gavril,

Gaisuwa da ladabi. Muna lafiya. Inna ta ce ta gode, ta ce kai ma ka bar taba in da gaske kake son tarin ya tafi, wankinta kuma ba ruwanka. Ga cuku da busasshen nama ta ba Mitica, in bai cinye a hanya ba.

Na gode da maganar babur, Allah ya saka. Na karanta wa abokina Dorin na gidan maƙera bayaninsa, sai ya ce, “Kai, ai keken ɗinki kawunka zai aiko maka, ka tambaye shi ko da zare zai zo.” Kada ka ji haushi, dariya kawai muka yi.

Sai dai wata magana ta taso. Ranar Lahadi bayan coci Inna Profira ta zo gidanmu cikin baƙaƙen kayanta, ta ƙi zama. Ta ce, “Ilarie, tashi tsaye in gan ka.” Na tashi. Ta auna kafaɗuna da tafin hannunta, sai ta juya wajen Inna ta ce, “Tsayinsu ɗaya. Shi ma bai yi aure ba. Lucretia, ki ba ni aron ɗanki ranar arba’in.”

Kwat ɗin Viorel da takalmansa da gadonsa ta riga ta san waɗanda za ta ba. Babur ɗin ne ya tsaya mata a rai. Ta ce tana ganin ɗanta a mafarki a kan wata doguwar hanya, ba takalmi, yana tafiya yana waiwaye. Ta ce yaron da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar siminti don ya sayi abin hawa ba zai je can yana taka ƙasa ba. Ni za ta ba wa babur ɗin a matsayin pomana, wato sadakar mamaci, ta kan kabari, don ya isa gare shi.

Inna ta ce, “Yaya, ai bai iya ba.”

Inna Profira ta ce, “Nawa ma da ya bar garin nan ko keke bai iya ba.”

Kawu, ka fi ni sanin cewa sadakar mamaci ba a mayar da ita. Wanda ya ƙi ta, mamacin ya ƙi. Kuma ba zan ɓoye maka ba, na je na ga babur ɗin. Ban zauna ba, na rantse. Na dai ɗora hannu a kan tankin. Tun da aka haife ni abu mai kyau irinsa bai taɓa shigowa garin nan ba.

Ɗanka,
Ilarie

Torino, Maris

Ilarie,

Ina gaishe ku. Cukun ya iso, rabinsa. Lafiyata kamar yadda ka sani.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Ba zan ce ka ƙi ba. A garin nan aka yanke mini cibiya, na san abin da za a yi wa mahaifiyarka in ka janye hannu a gaban kabari. Matar nan ɗa ɗaya gare ta, a akwati aka dawo mata da shi. Ka je, ka tsaya, ka karɓa da hannu biyu, ka faɗi abin da ake faɗa.

Bayan nan ka tura babur ɗin gida da ƙafa, ka rufe da bargo, ka ba mahaifiyarka makullin.

Saurara, kai malamin dabbobi ne. Abin nan nauyinsa ya kai na karsana, kuma karsana ta fi shi hankali, don ita tana tsoron rami. Si-si ɗari tara ne. A giyar farko kaɗai yana gudun da motar Mitica ba ta taɓa yi ba. Don kwalta mai faɗi aka ƙera shi, tayoyinsa sumul suke kamar tafin jariri. Kai ina za ka da shi? Laka, tsakuwa, gadar katakon nan ta hanyar tudu da ko doki sai an ja shi. In ya karkata kaɗan ba za ka iya riƙe shi ba, in ya kwanta a ƙafarka sai an kira maza.

Gaskiya ne Viorel bai iya keke ba da ya zo. A kan wani ɗan ƙaramin abu mai rabon burodi ya fara, ya yi ta faɗuwa, ni nake shafa masa magani a gwiwa ina zaginsa. Sai da ya yi shekaru a kan ƙanana kafin ya sayi wannan, shi ɗin ma ranar Lahadi kawai yake fito da shi, in an yi ruwa ko ya kalle shi. Na taɓa roƙonsa in zagaya unguwa da shi, ya ce, “Baba Gavril, ka nemi wata hanyar mutuwa, ban da tawa.”

Ka gaya wa Dorin, na ga waɗanda aka ɗinke da idona, kuma ba daga kan keken ɗinki suka faɗo ba.

Mitica ya ce tirelarsa cike take da firji da kujerun mutane har bayan Ista. Ka yi haƙuri da kekenka zuwa lokacin.

Gavril

Poiana Seaca, Afrilu

Kawu,

Barka da Ista, Kristi ya tashi. Muna lafiya, ƙafar Inna ta saki tun da rana ta fara zafi.

Wasiƙarka ta zo ana gobe arba’in. Inna Profira tana gidanmu ana dafa alkamar sadaka, ta ga Mitica ya miƙo ta. Ta ce, “Ta Gavril ce? Karanta, in ji abin da wanda ya wanke mini ɗa ya ce.” Na karanta har inda ka ce in karɓa da hannu biyu. Sai ta sa gefen ɗankwalinta a fuska ta ce, “Na san Gavril ba zai ba ni kunya ba.” A nan na tsaya. Sauran ina zan iya karanta mata?

Mu huɗu muka tura babur ɗin zuwa makabarta, gumi kamar an watsa mana ruwa. Ba yadda za a ɗaga shi ta kan kabarin, sai aka jingine shi a gefe, aka ɗaura masa sabon tawul a hannu. Fada, limamin cocinmu, ya yi addu’a ya yayyafa masa ruwa. Inna Profira ta tsaya can, ni nan, Viorel a tsakaninmu. Ta miƙo makullin a kan burodi da kyandir yana ci, ta ce, “Don ran Viorel.” Na ce, “Allah ya karɓa.”

Ka ce in tura shi gida da ƙafa. Kawu, ba ka nan. Ba wanda ya motsa. Duk garin ya zuba mini ido, ita ma. Sai na hau. Da na kunna, tsuntsayen makabarta duk suka tashi. Na saki kuloci ya mutu. Na sake, ya mutu. Tsoho Tudose ya ce, “Marigayin ma yana can yana dariya.” Har fada sai da ya yi tari a hannun rigarsa. A karo na uku ya tafi, ban san yadda na iso gida ba.

Ka daɗe a waje, watakila ka manta. Abin da aka karɓa aka kulle ba ya isa ga mai shi. Sai an sa kwat ɗin yake jin ɗumi, sai an kwanta a gadon yake hutawa. To shi ma babur sai an hau. Yanzu kullum da safe ta ƙofarta nake bi. Tana tsaye a bakin shinge tana jira. Shekaran jiya ta tsayar da ni ta ce, “Na ga Viorel a mafarki. Ya wuce ni da gudu, gashinsa yana tashi, ko waiwaye bai yi ba.” Tana faɗa tana dariya. Tun da aka kawo akwatin ba wanda ya ga haƙoranta sai ranar.

Ina bi a hankali, giya ta biyu ban wuce ba. Sau biyu ya kwanta mini a laka, ba abin da ya same ni. Kuma in za a faɗi gaskiya, Kawu, wa ya aiko shi? Mitica ya ce mutanen ɗakinku sun ce a sayar a can, kai ka ƙi, kai ka ɗaure shi a motar da hannunka.

Ilarie

Torino, Mayu

Zuwa ga Yaya Profira,

Gaisuwa da girmamawa, da ta’aziyyar da na kasa rubutawa tun hunturu. Allah ya ji ƙan Viorel, ya ba ki haƙuri. Ban taɓa zama da yaro mai tsabtar zuciya irinsa ba. Ni ina nan da sauran ƙarfina.

Yaya, yaron Lucretia bai karanta miki wasiƙata duka ba. Na ce ya karɓa, na kuma ce kada ya hau. Gara ki ji daga bakina.

Ni na aiko babur ɗin, gaskiya ne, kuma ko yau aka sake zan aiko. Gumin ɗanki ne, hakkinki ne, ba na ’yan ɗakinmu ba. Amma ban aiko shi don a ɗora ɗan wata a kai ba. Aikina kullum shi ne karɓar irinsa bayan ’yan sanda sun gama da su. Kafin mu kwance su sai mun wanke su da tiyo, ba sai na gaya miki abin da muke wankewa ba. Yawancin masu su sababbin hannu ne, masu hankali ma, irin Ilarie.

Ni ba mai yawan zuwa coci ba ne, kin sani. Amma bari in bi taki maganar. In abin da Ilarie ke yi a nan shi ke isa can, to kin ɗora ɗanki a bayan ɗan koyo. Duk faɗuwar da ya yi a laka, Viorel ma ya yi ta. Yaron da ko ni bai yarda in taɓa makullinsa ba.

Ki sake shi, Yaya. Kalma ɗaya daga bakinki ta isa. Ki ce ya ajiye har ya ƙware a kan ƙarami, shekara biyu ko uku, sa’an nan ya hau. Wanda ke can ba ya gaggawa.

Ƙanenki,
Gavril

Poiana Seaca, Yuni

Gavril,

Matar fada ce ke rubuta mini, idona ba ya ganin layi. Na gaishe ka. Ka wanke mini ɗa, ba zan manta ba har in bi shi, don haka ba zan zage ka ba.

Ka ce wanda ke can ba ya gaggawa. Kai ka taɓa ganinsa? Ni nake ganinsa. Ƙafafunsa duk sun fashe kafin a ba da abin nan. Shekara uku kake so in sake kallonsa a haka? Ni ɗin ma ina da shekara ukun?

Ban tilasta wa kowa ba. Na roƙa, aka ba ni. Abin da aka miƙa ta kan kabari ba nawa ba ne kuma, balle in ce a ajiye. Kullum ina kunna wa Ilarie kyandir, ina ambatonsa kafin in ambaci nawa. Mai ɗauke da sadakar mamaci Allah ba ya barinsa.

Kai kana wanke ƙarfe kana ganin kamar ka san mutuwa. Ka dawo gida ka zauna a ɗakin da ba kowa, sa’an nan ka rubuto mini.

Profira

Torino, Yuli

Ilarie,

Lafiya kuwa? Na aiko ƙaramin babur ɗin da wasiƙu biyu hannun Mitica, shiru. An ce injin motarsa ya buga a Hungary, yana can yana kwana a gareji da kayan mutane. Na buga wayar ofishin gidan waya, yarinyar ta ce ba ta ji an yi rasuwa ba, ta kashe. Da wannan nake rayuwa yanzu, ba a ji an yi rasuwa ba.

Jiya aka kawo mana wani jan babur irin na Viorel. Na ce wa mai gida bayana ya riƙe, wani ya wanke.

In haushina kake ji don na rubuta wa Yaya Profira, ji abinka, amma ka rubuto layi ɗaya. Ko zagi ne.

Gavril

Poiana Seaca, Agusta

Kawu,

Ina gaishe ka. Inna lafiya. Ni ma da sauƙi. Mitica ya iso makon jiya da komai a lokaci ɗaya, babur da hula da wasiƙunka. Rubutun zai yi maka wuyar karantawa, da hagu nake yi.

Na yi fushi da kai, gaskiya ne. Amma ba shi ya hana ni rubutu ba.

An kira ni kan tudu, wata saniya ta kasa haihuwa, na tafi da jan babur ɗin. An yi yayyafi da safe. Da na hau gadar katako sai tayar baya ta zame, hannuna ya murɗa totur ba da nufina ba. Abin da ka faɗa ne, sak. Ban ji komai ba sai iska. Shi ya maƙale a ƙarfen gefen gada, ni na wuce ta ƙarƙashi. Da na dawo hayyacina, ƙirjina yana kan katako, ƙafafuna suna lilo a kan duwatsun rafi. Masu keken shanu suka janyo ni. Ƙashin kafaɗa ya karye, da haƙarƙari biyu. Wandona kuma, Kawu, kai kaɗai na gaya wa, ba ruwan rafi ne ya jiƙa shi ba. Saniyar ta mutu da ɗanta a ciki.

Babur ɗin kuwa madubi kawai ya fashe, sai ƙwarzane a tanki. Dorin ya riga ya gyara.

Inna Profira ta zo da miyar kaza ta zauna a bakin gadona. Ta ce, “Ka gani? Da wani ne, da ya mutu. Viorel ne ya riƙe ka.” Duk garin haka suke cewa. Ta tambayi likita yaushe za a kwance mini hannu. Tun da na kwanta, in ji ta, Viorel ya sauka yana zaune a bakin hanya yana jira.

Inna kuwa tsintsiya ta riƙe. Tana share tsakar gida ne kawai, ta gama ta sake sharewa.

Na zauna a kan ƙaramin naka a rumfa. Ƙafafuna sun taka ƙasa, kamar yadda ka ce. Na daɗe a zaune a kai. Kawu, tsoron jan nan nake ji, ko ƙamshin fetur ɗinsa ba na son ji. Amma na ce Allah ya karɓa a gaban duk garin, da kyandir a hannuna. In an kwance hannun nan dole in hau. Ka faɗa mini yadda ake bin gada jiƙaƙƙiya, shi kawai nake so daga wurinka.

Ilarie

Torino, Satumba

Ilarie,

Na gode wa Allah, ni da na daɗe ban gode masa ba. Ka sha madara, ka bar hannun ya huta. Maganar wando kuwa, duk wanda ya hau babur ya ce bai taɓa yi ba, ƙarya yake.

Ba zan koya maka bin gada da shi ba. Babu yadda ake bi. Da akwai da na faɗa.

Na gaji da bayanin taya da birki, ka riga ka ji su a ƙashinka. Tambaya ɗaya zan yi maka, a kan al’adar da kake tsoro.

Ka hau, ka mutu, a ce kafin kaka ta wuce. Za a kawo ka, a binne ka kusa da shi. Babur ɗin ba zai mutu ba, ka ga irin ƙarfinsa, madubi kawai zai fashe. Ranar arba’in ɗinka, na wa ne? Naka ne, an ba ka. Mahaifiyarka za ta fara ganinka a mafarki ba takalmi, don duk uwa tana gani. Matan garin za su ce, “Lucretia, za ki bar shi yana taka ƙasa?” Sai ta sa baƙin ɗankwali ta fita neman saurayi mai tsayinka da bai yi aure ba. Ka ƙirga su. Duk sun watse, suna nan tare da mu suna ɗaukar siminti. Wa ya rage? Dorin. Shi ma ba zai iya ƙi ba, kamar yadda ka kasa. Mahaifiyarka da hannunta za ta miƙa masa makullin ta kanka, tana sane, tana kuka, kuma za ta miƙa.

Wani dole ya tsaya ya sha kunyar nan. In kai ne, za ka sha ta da ranka.

Ba na ce zai yi sauƙi ba. Yaya Profira ba muguwa ba ce, kuma abin da za ka karɓe mata shi kaɗai ya rage mata. Na sani. Duk da haka ka karɓe.

Ka fara da ƙaramin a filin ƙwallo, ka yi ta zagaye da tsayawa har ya ishe ka, sa’an nan hanya. Ka ɗaure igiyar hular, ba ado ba ce.

Gavril

Poiana Seaca, Janairu

Kawu Gavril,

Gaisuwa. Muna nan.

Inna Profira ta rasu kafin Kirsimeti. Na san Mitica ya gaya maka, amma bai san sauran ba.

Na yi abin da ka ce. Da aka kwance mini hannu na ba Inna wasiƙarka ta karanta. Ta ɗauki makullin jan babur ɗin ta sa a ƙirjinta. Ran da na fara fita da ƙaramin, ta ƙofar Inna Profira na bi, don ban so ta ji a bakin wani. Tana bakin shinge. Ta ji ƙarar tun daga nesa, ta san ba shi ba ne. Na tsaya na cire hula na gaya mata. Ta kalli babur ɗin, ta kalle ni, ta ce, “To.” Ta shiga gida.

Bayan kwana kaɗan ta zo rumfarmu. Na ce, “Inna, bari in riƙa kunna miki shi kullum da safe, ki ji muryarsa.” Na karɓi makullin na kunna. Ta saurara har ya yi zafi, sai ta ce, “Kashe, ɗana. In a tsaye yake a nan, a tsaye yake a can.” Ba ta ƙara zuwa ba. Ba ta zage ni ba ko sau ɗaya, da ma ta zage ni. Ta rage cin abinci, ta daina hura wuta sai maƙwabta sun hura mata. Matar fada ta ce har ƙarshe tana cewa a kai masa takalma.

Likita ya ce zuciya ce da sanyi. Garin ya ce ni ne. Lokacin yankan aladu, gidaje da yawa ƙauyen gaba suka kai namansu a duba, ba su kira ni ba. Da Inna ta yi sadakar tunawa da Baba, mata uku suka ƙi karɓa, suka bar mata farantanta a kan benci. A jana’izar ba wanda ya miƙo mini ko kyandir. Dorin ma ya daina zuwa, ya ce in ni matsoraci ne da na ba shi. Ban gaya masa abin da ka rubuta ba.

Ƙaramin yana aiki. Ko a ƙanƙara yana hawa tudu. Na faɗi da shi sau da yawa, na tashi, na ɗaga shi, na ci gaba. Duk abin da ka faɗa a kansa gaskiya ne.

Ina raye, Kawu, kamar yadda ka so. Amma duk safiya sai na wuce shingen nan. Kada ka rubuto mini yanzu. Ban san ranar da zan iya ganin rubutunka ban ji haushinka ba.

Ilarie

Torino, Fabrairu

Ilarie,

Ka ce kada in rubuto. Wannan ce ta ƙarshe har sai ka nema, kuma gajeriya ce. Ka gaishe da mahaifiyarka. Bayana yana nan yadda yake.

Na je cocin mutanenmu na nan na ba da sunan Yaya Profira a karanta, nata da na Viorel tare. Na tsaya har aka gama. Ba zan ce maka likita ne mai gaskiya, garin kuma maƙaryaci ba. Watakila da ta ƙara shekara ko biyu tana jin ƙarar nan a bakin shinge. Na san haka lokacin da nake rubuta maka, na auna, na zaɓe ka. Ita ba ta yi laifi ba, kai ma ba ka yi ba. Duk wanda ya bar wa Lucretia faranti a benci, ka ce masa Gavril ne ya sa, ka ba shi adireshina. Ni ba na wucewa ta ƙofar kowa a can, zan iya ɗauka.

Haushina kuwa, ka riƙe abinka, ban ce ka yafe ba. Ka ji shi bana, ka ji shi baɗi. Ka yi aure kana jinsa. Ka yi furfura, haƙoranka su zube, ka zauna a bakin murhu kana gaya wa jikokinka irin mugun kawun da ka yi a Torino. Ba na neman fiye da haka.

Kawunka,
Gavril